Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jam'iyyun siyasar Najeriya: wai a cikinku ba mai laifi ne?

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe shugabannin APC da PDP da NNPP da LP da ADC da ma sauran da ban ambata ba, har da masu magana da yawunku da sojojin bakanku na gidajen rediyo da yaran nan da kuke sa wa data suna kwana suna zagin iyayen mutane a Facebook, wannan takarda taku ce ku duka, kar wani ya karanta ya ce ai da waɗancan yake.

Ni ba kowa bane. Ɗan shago ne da ni na kayan masarufi a wata unguwa a cikin Kano, ina auna sukari da garin kwaki ina ƙulla man gyaɗa a leda, kuma akwai benci a ƙofar shagon da ya zama majalisa tun kafin in yi aure, daga bayan la'asar har a kira isha'i ba ya rabuwa da mutane, akwai malamin firamare akwai direban adaidaita akwai tela akwai tsohon ma'aikacin gwamnati da ya shekara yana jiran haƙƙinsa na ajiye aiki. Abin da nake ji a bencin nan shi ya sa na ɗauki waya na fara wannan rubutu, domin na lura kamar ku labarin bai iso muku ba, ko kuma ya iso kun shafa masa shuni.

Labarin shi ne mutane sun daina yarda da ku. Ba wai sun daina yarda da wancan ɓangaren ba kamar yadda kowannenku yake lallashin kansa, a'a, da ku duka. In rediyo ta ce gwamnati ta ware biliyan kaza domin kaza, wallahi dariya ake yi a bencin nan, ko tambayar wace gwamnati ce ba a yi. Da can in aka faɗi irin wannan sai musu ya kaure, wannan ya kare nasa wancan ya kushe, har a kusa dambe in fito in raba. Yanzu ba musun ma. Ni musun nan da na riƙa jin haushinsa yau kewarsa nake, don mutum ba ya musu sai akan abin da yake sa ran wani abu a cikinsa.

Bari in ba ku labarin kaina kaɗan don ku san ba daga sama na faɗo ba. A 2015 ni ejan ne na akwati. Ba ko sisi aka ba ni, hasali ma ni na sayi ruwan leda da biredi na raba wa waɗanda muka tsaya tare, muka kasa muka tsare muka raka kamar yadda ake faɗa a lokacin, na bi akwatin nan a ƙafa bayan mota har inda ake tattara sakamako, sai da aka yi kiran assalatu na shiga gida. Na ga tsohuwar da aka ɗauko a baro ta zo ta dangwala. Na ga mai jego da jaririnta a baya tun hantsi har magariba a layi ta ƙi tafiya saboda na'ura ta ƙi karanta yatsanta. Ranar da Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna mun yi kuka, mun zaci wahala ta ƙare kenan. Allah ya jiƙan Buhari, ya riga mu gidan gaskiya tun Yulin 2025 kuma ba zan tsaya ina tone-tone a kansa ba, amma shekara takwas muka yi muna jin magana ɗaya duk sanda muka yi kuka: ɓarnar shekara 16 ta PDP ce. Shekarar farko mun yarda, ta biyu mun yarda, mu da kanmu muke faɗa wa mutane a yi haƙuri gyara ba ya yiwuwa dare ɗaya. To amma har shekara ta bakwai ana ɗebe ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe, ana tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, kuma amsar ba ta canza ba.

Sai aka zo 2023 APC ta karɓa daga hannun APC, muka ce to yau dai ba wanda za a ɗora wa. Ashe da sauran kallo. Sai ga shi ana ce mana an gaji tattalin arziki a sume, baitulmali wayam. Wa ya bar shi haka? Sai a yi shiru a kalli gefe. Su kuma 'yan PDP suna tafi suna cewa ai mun gaya muku, kamar ba a zamaninsu aka kwashe 'yan matan Chibok 276 a 2014 ba, kamar ba a zamaninsu bama-bamai suka tashi a masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ba. Hausawa dai sun gama magana, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani.

Maganar man fetur ita ce ta fi fito da abin fili, ku ba ni dama in daɗe a kanta. Ranar 1 ga Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙasa ta tsaya cak, mu nan Kano matasa suka tare a shataletalen Silver Jubilee har da kwana, ni kaina na rufe shago na fita. Manyan 'yan adawa na lokacin suka ce wannan zalunci ne, wasu ma suka ce tallafin kansa ƙarya ce ta ɓarayi babu shi, muka yarda da su, aka matsa har aka dawo da lita 97. To a Mayun 2016 waɗancan da suka ce zalunci ne su suka kai ta 145, kuma aka ce mana wannan karon gyara ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 a filin rantsuwa Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin sati ya zagayo lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Su kuma 'yan adawan yanzu sai kumfar baki suke, alhali duk wanda ya saurari kamfen ɗin 2023 ya san Atiku ya ce zai cire, Obi ya ce zai cire. Kenan abu ɗaya ne, in kana waje sunansa zalunci in ka shiga ciki sunansa gyara. Ni ban yi karatun tattalin arziki ba, wata ƙila cirewar ce daidai tun 2012, wata ƙila ba ita bace. Abin da nake tambaya shi ne, cikin duk waɗanda suka fito da mu titi a 2012 kuma suka zo suka aikata abin da hannunsu, akwai wanda ya taɓa tsayawa ya ce jama'a a wancan lokacin mun yi kuskure, ko mun yi siyasa ne da ku, ku yafe mana? Ko mutum ɗaya? In akwai dan Allah a turo min in ji.

Kuma fa ba sai tsakanin jam'iyya da jam'iyya ba. Ku tuna canjin kuɗi na farkon 2023. Gwamnatin APC ce ta kawo, gwamnonin APC na Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai ta Kotun Ƙoli, ɗan takarar APC yana kan mumbari yana cewa maƙarƙashiya ake masa. Mu kuma muna ina? Muna layin banki tun asuba. A idona wani dattijo maƙwabcinmu ya kawo tsofaffin kuɗi dubu uku yana roƙona in karɓa in ba shi shinkafa da mai, ni kuma dilan da nake sara a wurinsa ya ce ba ya karɓa, taransifa kuma ta ƙi tafiya, mai POS yana sayar maka da kuɗinka da kuɗi. Na karɓa don kunya, na ajiye su a gwangwani ina addu'a, sai da kotu ta yi hukunci a watan Maris suka sake zama kuɗi. Har yau ba wanda ya fito ya ce ni ne na jawo muku wannan wahalar. Kowa ya nuna na kusa da shi.

Yanzu kuma sabon salo aka shigo da shi. Ka yi kuka da Abuja a ce maka ai tunda aka cire tallafi kason jihohi ya ƙaru sosai, je ka tambayi gwamnanka. Ka je jiha a ce maka farashin mai da dala da tsaro duk ba a hannunmu suke ba, na tarayya ne. Ka gangaro ƙaramar hukuma ciyaman ya buɗe maka hannu ya ce kuɗinmu ba sa zuwa hannunmu, duk da Kotun Ƙoli ta yanke tun Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye. Akwai wata kwalbati a bakin layinmu da ta rufta damina uku da suka wuce, duk ruwan sama sai kwata ta shigo gidaje, yaro ɗaya ya faɗa ya karye a hannu. Muka haɗa kwamiti muka rubuta takarda, ni ne ma'aji. Wanda muka fara zuwa wurinsa ya ce ba hurumina bane ku je sama, na saman ya ce aikin an bayar da kwangilarsa tun gwamnatin da ta wuce sun cinye kuɗin, muka samu wani na gwamnatin da ta wucen a wajen ɗaurin aure ya rantse mana sun bar kuɗin a asusu waɗannan ne suka karkatar. Muka dawo muka yi karo-karo, gida dubu biyu, mai hali dubu biyar, muka sayi siminti da rodi muka kira birkila. Ranar da aka gama sai ga wasu samari da fosta za su manna a jikin sabon ginin. Ba zan faɗi abin da tela ya ce musu ba saboda akwai manya a masu karatu.

Haka maganar tsaro take, sai dai ita rai ake rasawa ba hannu ake karyewa ba. Gwamna ya ce ba shi da iko da soja da ɗan sanda, Abuja ta ce ina kuɗin tsaron da gwamna yake karɓa duk wata, tsohon gwamna ya ce na yanzu ne ya kasa, na yanzu ya ce tsohon ne ya raini 'yan bindigar, ku duba Zamfara tun 2023 ku ga yadda ake jifan juna a jarida. Shi kuma manomin da ke biyan haraji ga ɗan ta'adda kafin ya girbe gonarsa, kuna ganin ya damu da wace jam'iyya ce ta yi nasara a musun?

Abin da ya fi ba mu dariya mai ciwo shi ne ku ɗin nan da kuke zagin juna ai mutane ɗaya ne, hula kawai kuke canzawa. Atiku ya yi PDP ya yi AC ya koma PDP ya shiga APC ya sake komawa PDP yanzu ga shi a ADC. Kwankwaso PDP ne, ya shiga APC, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Malam Shekarau a shekarar 2022 kaɗai ya taka APC da NNPP da PDP. El-Rufa'i da aka kafa APC da shi ya fice a 2025. Ganduje da Kwankwaso da magoya bayansu suka raba gari biyu, ai gwamna da mataimakinsa ne har zango biyu. Ban ce sauya sheƙa haramun bane, kowa da dalilinsa. Amma in mutum ya tsaya yana ce min PDP ta kashe ƙasa shekara 16, ni kuma na san shekara goma daga ciki yana minista ko gwamna a cikinta, me yake so in ɗauke shi? Wanda jiya sojan bakanku ya kira ɓarawo a rediyo yau ya shigo jam'iyyarku an yi masa wankan tsarki ya zama jigo, an ba shi kujerar gaba. Mu kuma da muka ɓata da 'yan uwanmu saboda ku, akwai ɗan baffana da muka shekara biyu ba ma gaisawa akan zaɓen gwamna na 2019, sai mu ga hotonku kuna ta ƙyaƙyata dariya a wajen bikin 'ya'yanku a Abuja.

Mu a Kano abin har ya wuce siyasa ya taɓa abin da muke tinƙaho da shi. A 2019 aka raba masarauta, a Maris ɗin 2020 aka sauke Sarki Sanusi aka naɗa Sarki Aminu Ado, a Mayun 2024 aka soke dokar aka dawo da Sarki Sanusi, aka wayi gari sarki a gidan Dabo sarki a gidan Nasarawa, wannan kotu ta ba da umarni waccan ta ba da kishiyarsa, har hawan sallah da yaranmu suke ɗinkin kaya dominsa aka hana ba sau ɗaya ba. Ni ba zan ce ga mai gaskiya ba, duk iyayenmu ne. Amma kowane ɓangare yana cewa ɗaya ne ya fara jawo sarauta cikin siyasa, kuma abin takaicin kowanne in ka saurare shi yana da 'yar gaskiyarsa. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, a 2021 APC ce ke mulki ta cinye 44 cikin 44, a 2024 NNPP ce ke mulki ta cinye 44 cikin 44, kuma kowane ɓangare lokacin da aka yi masa ya yi kukan an zalunce shi.

To ga abin da duk wannan ya haifar, kuma ba ni na ƙirƙiro lissafin ba, na hukumar zaɓe ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista ne suka fito. A 2015 da muke ganin duniya ta fito, kimanin kashi 44 ne. A 2019 ya sauko wajen 35. A 2023 kashi 27 bai cika ba, mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, shugaban ƙasa ya hau da ƙuri'a miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da wani abu a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ba Tinubu kaɗai wannan ya shafa ba, duk ku haɗa ƙuri'unku da na wanda ya ci da na waɗanda suka faɗi, waɗanda suka zauna a gida sun ninka ku kusan sau uku. Babbar jam'iyya a Najeriya yau ita ce ta waɗanda suka ce ba ruwansu. Eh na sani rashin kuɗi da rashin mai sun hana wasu fita a 2023, amma ni akwatinmu na je, layin da a 2015 ya zagaye makaranta har ya fita titi, a 2023 kafin azahar an gama. Kuma cikin waɗanda suka zo ɗin da yawa taliya da atamfa da sabulu ne suka kawo su, wata mata ta faɗa min a shago ba ko kunya, ta ce gara in karɓi nawa yau don in sun hau sai bayan shekara huɗu. Ban iya ce mata komai ba. Kafin zaɓen kuma aka ce za a riƙa ɗora sakamakon kowace akwati a intanet kowa ya gani, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa, aka ce tangarɗar na'ura ce.

Wataƙila ku ce to sai me, in mutane kaɗan suka fito ai sauƙi ne ma, kuɗin sayen ƙuri'a ya ragu. Ina roƙonku ku sake tunani. Rashin yarda ba ya tsayawa a akwatin zaɓe. Mu mutanen Kano mun san wannan fiye da kowa, bayan abin da ya faru da yara a gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer a 1996, da aka zo 2003 ana maganar allurar shan inna mutane suka ƙi, har aka dakatar da ita a jihar kusan shekara guda, cutar ta bazu ta tsallaka ƙasashe, yara suka nakasa, sai 2020 aka samu aka ce an rabu da ita. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin korona mutane nawa ne suka yarda akwai cutar? Cewa aka yi hanyar cin kuɗi ce kawai, kuma da aka fasa rumbuna a Oktoban 2020 aka ga kayan tallafi jibge ba a raba ba, sai kowa ya ce ka gani ko. Yau ko gaskiya tsagwaronta gwamnati ta faɗa, a ce ruwa zai yi ambaliya ku tashi, a ce ku zo a yi muku rajistar kaza, a ce ku ba jami'an tsaro bayani, mutum sai ya fara lissafin me za a cuce shi da shi. Wannan asarar ba APC ce ta yi ba ba PDP ba, duk wanda ya hau gobe zai tarar da ita tana jiransa a ofis.

Kuma ku tuna Agustan 2024. Yaran da suka fito zanga-zangar yunwa a Kano da Kaduna, wasu ɗauke da tutar Rasha suna kiran soja ya karɓa. Yawancinsu an haife su bayan 1999, ba su san mulkin soja ba, ba su san bulalar da muka sani ba, ba za su iya nuna maka Rasha a taswira ba. Sun dai ga an yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 sun ga ana murna a titin Yamai a wayoyinsu. Ban goyi bayan fashe-fashen da aka yi ba, ni kaina kwana nawa shagona a rufe ga dokar hana fita, na yi asara. Amma maimakon ku zauna ku tambayi kanku me ya kai ɗan shekara 16 ga fidda rai da dimokuraɗiyya, sai kowane ɓangare ya ce 'yan daban ɗaya ɓangaren ne aka turo. Sai a watan Nuwamba muka ga yaran a kotu a Abuja, ƙashin wuya a waje, wasu suna zubewa ƙasa don yunwa, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. An sake su daga baya da duniya ta yi caa, kuma nan ma aka shiga rige-rigen wa zai ɗauki hoto da su.

Bari in gaya muku abin da sana'ata ta koya min, don ita kaɗai na sani. Ina da littafin bashi, wani dogon littafi mai baƙin bango da ke ƙarƙashin kanta, tun da buhun shinkafa ya doshi dubu ɗari a 2024 shafukansa suka ninka. Masu cin bashi iri biyu ne. Akwai wanda wata zai ƙare bai biya ba, ya zo da kansa ya tsaya ya ce Alhaji na saɓa alkawari, kuɗin sun shigo na yi wata lalurar da su, laifina ne, ga rabi ka ƙara min sati biyu. Wallahi irin wannan ko bai kawo ko sisi ba ina sake auna masa, don na san inda na tsaya da shi. Akwai kuma wanda kullum da wanda ya jawo, yau matarsa ce gobe maigidansa ne jibi banki ne, bai taɓa yin laifi ba tunda aka haife shi. Shi wannan ko da gaskiyarsa ranar nan na riga na ja layi a ƙarƙashin sunansa. Ku shugabanni tun 1999 kuke cin bashi a wurin talaka, kuma kusan dukkanku irin na biyun ne.

Na ce kusan, don a yi adalci. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar da aka rantsar da shi a 2007 ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyaran zaɓe na Mai shari'a Uwais, ya bayyana kadarorinsa kowa ya gani. Shekara uku bai cika ba a mulki, watanninsa na ƙarshe ma yana jinya, ba wani gagarumin aiki ya bari ba in za a faɗi gaskiya, amma ku je kowace majalisa ku ambaci sunansa ku ji addu'ar da za ta biyo baya, har daga bakin waɗanda ba su zaɓe shi ba irina. Da jirgin soja ya jefa bam kan masu maulidi a Tudun Biri a Disambar 2023, marigayi Janar Lagbaja ya taka har garin ya ce mu ne, kuskure ne, ku yi haƙuri. Bai dawo da rai ko ɗaya ba, kuma har yanzu akwai tambayoyin da ba a amsa ba, amma an ji wani abu da kunne bai saba ji ba. Iyayenmu kuma har gobe suna ba mu labarin 1979, PRP ta Malam Aminu Kano ta ce in ta hau za ta soke haraji da jangali, Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau suka soke. Su ma fa sun yi rigimarsu ta cikin gida ta santsi da taɓo, ba mala'iku bane, amma an faɗi abu an cika, shi ya sa mahaifina har ya rasu hoton Malam yana rataye a zaurensa.

Mu ma talakawa ba wankakku bane, na sani, kar wani sojan baka ya ce na manta. Mu muke karɓar taliyar, mu muke tare ɗan majalisa da katin biki da takardar asibiti maimakon mu tambaye shi dokar da ya kawo, mu 'yan kasuwa in dala ta hau mu ƙara kuɗi in ta sauko mu yi kamar ba mu ji ba, ni ma na taɓa yi, Allah ya yafe min. Kun ga na faɗi nawa, kuma ban mutu ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa tunda ga 2027 ta ƙarato har an fara buga ganguna. Duk wanda zai zo neman ƙuri'a a cikinku, in ya hau mumbari ko ya shiga rediyo, kafin ya fara karanto zunuban abokin hamayya ya faɗa mana abu ɗaya tak da shi ko jam'iyyarsa suka yi ba daidai ba lokacin da dama take hannunsu, ya kira abin da sunansa, banda irin ta ai ɗan Adam ajizi ne. Mai mulki ya daina ba mu tarihin wanda ya gada bayan ya shekara biyu a kujera, ai ka san da ɓarnar ka ce a ba ka za ka iya. Gwamna ya manna a fili nawa ya shigo wata nawa ya fita, ciyaman ma haka, a jikin bangon sakatariya inda mai wucewa zai gani ba a wani shafin intanet da ba ya buɗuwa ba. Sannan ku ja kunnen yaranku na rediyo da na waya, zagin da kuke biya a yi wa wani yau da shi za a karɓe ku gobe in kun sauya hula.

Babban ɗana ya cika 18 bana. Rannan muna rufe shago na ce masa in an buɗe rajista ya je ya yi katin zaɓe, ya kalle ni ya ce Baba kai da ka raka akwati har asuba me aka ba ka? Na buɗe baki zan yi masa irin bayanin da na saba yi wa mutane a 2015, sai na ji ba abin da ya fito, na ce masa ya miƙo min kwaɗon mu kulle. Har yau ban ba shi amsa ba, shi ma bai je ba. In akwai mai amsa a cikinku ya aiko, zan karanta masa a bencin gaban kowa.

Wassalam.

Naku,
wani mai shago a Kano